Ƙannena sun iya musu a hanya, amma a gaban alƙalai bakinsu ya mutu. Ina mafita?

Ɗan Gadarif ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'ar zaure. Na daɗe ina karatu a nan ban taɓa tofa komai ba sai yau, to a yi mini haƙuri idan na ja zance.

Ina aji uku na sanawi, wato babbar sakandare, a Gadarif ta Sudan, ɓangaren adabi. Da lissafi ya tafi daidai da tuni ina jami'a, amma kowa ya san yaƙin da ya same mu tun 15 ga Afrilun 2023. Makarantarmu ta fi shekara a rufe, azuzuwan ma mutanen da suka gudo daga Hartum da Madani ne a ciki, da gadajensu da tukwanensu. Da aka buɗe, malamin Larabcinmu ya ce sai ya farfaɗo da jam'iyya adabiyya, wato ƙungiyar adabi ta ɗalibai. Darussa sun yi masa yawa, sai ya damƙa mini 'yan aji ɗaya ya ce in koya musu munazara, wato muhawara, tunda na taɓa yi kafin yaƙi. Sau biyu na yi fa, kuma ɗaya kaye muka sha. Ilimina ke nan kaf.

Yara bakwai ne. Biyar 'yan unguwarmu ne Hausawa, biyu kuma 'yan Madani ne da yaƙi ya kawo su. Muna haɗuwa bayan la'asar a rumfar ƙofar gidanmu.

Makon jiya aka haɗa mu da ɗaya ajin. Maudu'in shi ne a riƙa ba ɗalibai hutu lokacin yankan riɗi, mu ne masu goyon baya. Na ce faɗuwa ta zo daidai da zama, don a cikin yarana akwai wani da muke kira Auta, tun yana ɗan shekara 11 yake bin babansa yanka, in ka gaisa da shi sai ka ji tafin hannunsa kamar ɓawon itace. Kwana uku na yi ina rubuta musu jawabi da hasken waya, da fusha, wato daidaitaccen Larabci, mai nauyi, har da baitin waƙa a farko. Suka haddace kamar karatun allo.

Na farko ya yi lafiya lau. Auta ya tashi, ya yi kamar minti ɗaya, sai wani yaro daga can ɓangaren ya miƙe ya ɗaga hannu ya ce: ɗalibin da ba ya zuwa gona fa, wa zai biya shi makonnin da zai rasa? Auta ya juyo ya kalle ni. Ni kuma na kalli ƙasa. Sai kawai ya koma farko, Bismillahi, ayyuhas sadatul kiram, kamar kaset. Aka kwashe da dariya. Da ya rikice sai ya mayar da mace namiji a nahawu, wani a baya ya kwaikwayi harshensa, kun dai san irin kwaikwayon da ake mana. Ya zauna tun lokacinsa bai ƙare ba.

Abin da ya hana ni barci shi ne abin da ya faru a hanyar gida. Mun tsaya wurin mai agashe, ina lallashinsa, sai ya ɓalle da Hausa. Ya ce ai ɗalibin da ba ya zuwa gona ma yanzu haka yana asara, don a makonnin nan aji rabi ne, in an dawo kuma malam sai ya maimaita darasin, to ya zauna sau biyu a kan abu ɗaya. Ya ce dawa tana jiran mutum a gona, riɗi ba ya jira, in ya bushe a tsaye kwanson ya buɗe ya zube ƙasa, shekarar ta tafi. Ya ce a ciro makonnin daga dogon hutu mana, wa ya ce sai an ƙara? Mai agashen ma sai da ya dakata da yanka yana sauraro. Wallahi babu ko ɗaya daga cikin wannan a takardar da na rubuta masa.

To yayyena da iyayena, yaya zan yi abin da ke bakin yaron nan da Hausa ya fito da Larabci a gaban mutane? In ci gaba da rubuta musu, ko in bari su yi ta kame-kame? Ga kuma Inna ta sa ni gaba, ta ce shahada, jarrabawar gama sakandare, saura wata huɗu ina nan ina tara yara ana musu a ƙofar gida.

Mai Tafnidi, Bur Sudan:

Wa alaikumus salam ƙanena. Zan faɗa maka abin da ba za ka so ji ba. Takardarka ce ta faɗi ranar nan, ba Auta ba. Ka ɗora masa kayan wani a ka, da ya yi tuntuɓe bai ma san me ke cikin ƙunshin ba balle ya tsince. Daga yau kada ka sake rubuta wa kowa jimla ko ɗaya.

Ni a jami'a na koyi abin, a Hartum, kuma wani ɗan aji huɗu ne ya koya mini, kamar yadda kake yi yanzu. Tsarin da muka bi shi ne na gasar makarantun duniya, wadda aka fara a Ostireliya a 1988, aka kuma taɓa yin ta a Doha a 2010. Mutum uku ne kowane ɓangare, kowa minti takwas, sannan jawabin rufewa na minti huɗu wanda na ɗaya ko na biyu yake yi. Tambayar tsakiyar jawabi, wadda muke kira mudahala, ba a yin ta a minti na farko da na ƙarshe, kuma mai magana yana da ikon ya ƙi karɓa. Ka lura da wannan da kyau. Da ka koya wa Auta cewa "ba yanzu ba, na gode", ya ƙarasa hujjarsa sannan ya karɓi ta gaba, da duk wannan bai faru ba. Ƙin karɓa gaba ɗaya laifi ne, amma shi ke zaɓar lokacin da zai karɓa.

Maki kuma, 40 na hujja ne, 40 na yadda aka isar da ita, 20 na dabara, wato gane wace magana ce uwar rigimar da kuma yadda aka raba lokaci. Ka ga baitin waƙar da ka kwana kana nema ba shi da gurbi mai yawa a nan. Kalmomin da za ka ji ana yi, muwalat ga masu goyon baya, mu'arada ga masu suka, tafnidi ga rushe hujja, su ne ake amfani da su a gasannin QatarDebate, cibiyar da aka kafa a 2008. Ka saba musu da su.

Minti takwas ya yi wa 'yan aji ɗaya yawa. Fara da biyu. Ka ba kowa 'yar takarda wadda ba ta fi tafin hannu ba, ka ce kalma biyar kawai zai rubuta a kai. Kowace hujja kuma ta hau duwatsu uku kamar tukunya a murhu: me kake cewa, me ya sa, ina misali. In ɗaya babu, a ce masa tukunyarka ta kife, ya sake.

Abin da ya fi duka amfani a wurina shi ne wannan. Kafin yaro ya ba da amsa, sai ya maimaita abin da abokin karawarsa ya faɗa, har shi wancan ya ce e, haka na ce. Za ka sha mamaki. Rabinsu ba sa sauraro sam, layinsu kawai suke jira. Sannan ɓangare a riƙa fitar da shi da ƙuri'a, dogon tsinke da gajere, kada kowa ya zaɓi abin da zuciyarsa take so.

Batun harshe, ni tsani nake yi musu. Zagaye na farko da Hausa, a yi ta ɓarin baki yadda aka ga dama. Na biyu da darija, Larabcin yau da kullum. Na uku da fusha, kuma kada ka gyara wasali ko ɗaya sai ya zauna. In ka tare yaro a tsakiyar magana don ya yi rufu'a a wurin fataha, gobe nahawun zai riƙa tunani, hujjar ta gudu.

Na Shari Mansur, Makka:

Yaro bi maganar Inna. Darasi bakwai ake zanawa a shahada, ka duba ko akwai musu a ciki. Mu nan yaranmu jarrabawar shiga jami'a ta ƙudurat da tahsili sun ishe su, ba mai lokacin wannan. Ranar da sakamako ya fito nisba, wato kashi nawa ka ci, za a tambaye ka, ba wanda zai ce yaro nawa ka koya wa surutu. Kuma malamin nan naku ya iya zamewa, shi ke karɓar albashi kai kana aikin. Ko da yake a halin da ake ciki albashin ma Allah kaɗai ya san rabonsa da shi, to na janye wannan.

Ustaz Mai Ritaya, Mai Wurno:

Ɗana, Allah ya yi maka albarka. Jikata ce take buga mini wannan, in an ga kuskure nata ne.

Na koyar da Larabci sama da shekara talatin, kuma abin da kake yi shi ne yadda muka tarar. A zamaninmu na makarantar kwana manyan ɗalibai ne ke riƙe da jam'iyya adabiyya, malami yana can baya a kan kujera, ba ya magana sai an tashi. A wurin wani ɗan aji na ƙarshe na fara jin yadda ake mutaraha, wannan ya kawo baiti, kai ka kawo wanda ya fara da harafin da nasa ya ƙare. Yaro yana jin kunyar yin kuskure a gaban malami, amma a gaban yayansa zai yi sau goma ya tashi ya kaɗe riga. Wannan ita ce fa'idarka a kan malaminku, kada ka ɓatar da ita da son zama ƙaramin ustaz.

Zancen dariyar da aka yi wa yaron ne ya sa na ce sai na yi magana. Ka gaya masa fusha ba harshen uwar kowa ba ce a ajin nan. Wanda ya kwaikwaye shi ma koyo yake. Shekara nawa na yi ina fama da ɗalibai, har da manya masu jawabi ranar bikin 'yancin kai na 1 ga Janairu, suna mayar da ƙafun gaini, su tashi cewa istiƙlal su ce istiglal, 'yancin kai ya koma ci da gumin wani. Yaronmu da ya tashi a gaban allo ba ya wannan. Kowa da inda harshensa yake tuntuɓe.

Kuma mu ba baƙi ba ne a wannan fage. Kakanninmu da suka biyo Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru bayan yaƙin Burmi na 1903 da littattafansu suka iso bakin kogin nan na Nilu Shuɗi. Kafin su, Muhammadu Bello da Shehu Alkanemi na Barno sun yi muhawara ta wasiƙu a kan halaccin yaƙin da aka kai Barno, da Larabcin da har yau sai an zauna ake warware shi. Bello kuma ya kawo maganar Alkanemi a cikin Infaƙul Maisuri sannan ya amsa ta, bai ɓoye hujjar abokin hamayya ba. Abin da ɗana na Bur Sudan yake cewa a maimaita maganar mutum kafin a amsa, ga asalinsa a gida.

Idan kana son darasi a kan tambayar bazata, buɗe musu Baƙara aya ta 258. Annabi Ibrahim ya ce Ubangijina shi ke rayawa ya kashe. Sarkin ya ce ni ma ina rayawa in kashe. Amsar banza ce, amma Annabi Ibrahim bai tsaya jayayya a kanta ba, sai ya ce Allah yana fito da rana daga gabas, kai fito da ita daga yamma. Magana ta ƙare. Ka tambayi yaran me ya sa bai bi shi cikin rami na farko ba, ka bar su su yi ta kai-kawo, kada ka ba su amsa.

Gargaɗina ɗaya gare ka kai kanka. Imamu Gazali ya ware babi a Ihya'u a kan cututtukan munazara, ya lissafa hassada da girman kai da ƙullaci da sauransu. Ka ce da yaron ya kalle ka sai ka kalli ƙasa. Ka zauna ka tambayi zuciyarka, kunyarsa ka ji ko taka? Wanda ya sha kaye a bara yakan so ya rama da bakin ƙaninsa. Na gani a ɗalibai, na kuma gani a kaina.

'Yar Kasala:

Ina gaida Baba Ustaz, Allah ya ƙara lafiya. Yaya Mai Tafnidi, na yarda da kusan duk abin da ka faɗa, amma tsanin nan naka ban yarda da matakinsa na farko ba.

Ɗan'uwa ya ce biyu daga cikin yaransa 'yan Madani ne. Ba wanda ya tsaya a kan wannan. In aka yi zagayen farko da Hausa, su me za su yi, kallon kaji? Yaran da aka raba da gidansu, suka zo rumfar Hausawa da ƙafarsu, sai kuma a juya harshe a bar su. Abin da ake mana muna kuka da shi ke nan. Ni na riƙe 'yan mata tara a makarantarmu kafin in zana shahada a ƙarshen Yunin 2025, akwai Hausawa, akwai Bani Amir, akwai 'yan Hartum. Da darija muke yi tun daga farko, don ita ce ta kowa. Hausar kuwa ban hana ba, in yarinya ta maƙale sai in ce je ki bayan aji ke da ƙawarki ki faɗa mata da yarenku, ki dawo ki faɗa mana. Minti ɗaya ya isa.

Akwai kuma wata illa. Na gwada fara wa da Hausa da 'yan unguwarmu, sai na ga suna tsayawa suna fassara jimla-jimla a ka, karin magana ma sai sun nemo masa Larabci. Ba jimlar za a ɗauko ba, hujjar za a ɗauko. Shi ya sa kalma biyar ɗin nan da Yaya ya ce a rubuta, ni da Larabci nake sa su rubuta ta, ko da wane yare aka yi tunanin.

Maudu'i kuma a yi hattara. Kada ka kuskura ka kawo ƙabila ko yaƙi, ko wane ne mai gari wane ne baƙo. Mu a Kasala mun san abin da ya biyo bayan rikicin Nilu Shuɗi a Yulin 2022, ba wasan yara ba ne. Akwai yarinyar da ba ka san wa ta binne ba. Waya a makaranta, bulala, kayan makaranta, aikin gida, duk sun isa a yi zazzafar muhawara a tashi ana dariya.

Na Makka kuma kada a yi masa dariya, akwai gaskiya a maganarsa. Ni sai da ya rage wata ɗaya na saki, kuma na ji a jikina a lissafi. Kuskurena shi ne ban tayar da kowa a bayana ba, da na tafi sai abin ya mutu murus. Ka nemo ɗan aji biyu tun yanzu ya riƙa zama kusa da kai. Ku ma maza kuna da sauƙi. Ni sai da na je gida uku ina rantse wa iyaye cewa ba rashin kunya nake koya wa 'ya'yansu ba, wata uwa ta ce mini wa zai auri mace mai hujja.

Mai Tafnidi, Bur Sudan:

Ƙanwata kin kama ni, na karanta na tsallake 'yan Madanin. Mu lokacin da muke yi duk Hausawa ne a ɗaki ɗaya, shi ya sa. Amma ina nan a kan bakana game da Auta shi kaɗai. Yaron da aka yi wa dariya saboda harshensa yana buƙatar ya ji sau ɗaya cewa abin da ya faɗa da Hausa hujja ce mai maki, ba hirar mai agashe ba. Ko a hanya ne ka faɗa masa.

Ɗan Gadarif ya rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na yi shiru ne don ina so in gwada kafin in dawo.

Baba Ustaz, tawa kunyar na ji. Na karanta maganarka sau uku ina neman hanyar kuɓuta ban samu ba.

Mun zauna sau biyu. Na bi Yaya 'Yar Kasala a kan darija, na bi Yaya na Bur Sudan a kan sauran. Maimaita maganar abokin karawa ta kusa raba mu faɗa, wani sai da ya yi sau huɗu wancan yana cewa ba haka na ce ba, har ƙanwata ta leƙo ta katanga ta faɗa masa abin da aka ce. Takardar kalma biyar kuma ba ta karɓi kowa ba. Akwai ɗaya da ya ƙanƙance rubutu ya cusa jawabi guda a bayanta, na kama shi. Ɗaya kuma ya daina zuwa, ya ce shi haddar ta fi masa, kuma gaskiya da haddar yana da kyau, ban san ko na yi asararsa ba ne.

Maudu'in riɗin muka maimaita, tsinke kuma ya jefa Auta ɓangaren masu suka. Ya ce wallahi ba zai yi ba, yaya zai soki abincin gidansu. Da ƙyar ya tashi. Sai ga shi yana cewa in aka ba da hutu a hukumance, iyayen da a da suke jin nauyin cire yaro daga aji yanzu sun samu lasisi, masu manyan gonaki kuma sun samu hannu mai araha, yaron da ya ɗanɗana kuɗin yanka ba lallai ya dawo ba, ya ce a layinsu kaɗai ya san mutum uku. Ɗan Madani ya miƙe zai yi mudahala, Auta ya ɗaga masa hannu ya ce ba yanzu ba, da wani irin ƙasaita kamar alƙali. Muka yi ta dariya har shi. A zagayen fusha ya faɗi rabin abin, ya yi kuskuren wasali wajen shida, na ƙirga a zuci ban ce uffan ba. Bai koma Bismillahi ba dai. Bayan an tashi ya ƙi kula ni, wai na sa shi ya kayar da kansa, yanzu bai san wanne ya yarda da shi ba.

Inna mun daidaita, Asabar kaɗai, kuma in wata biyu ya rage in tattara. Na samu ɗan aji biyu, wannan makon shi zai riƙe agogo, ni ina baya da littafin tarihi. Na Makka ka shaida.

Baba Ustaz, Auta ya ce in tambaye ka. Idan alƙalin ne da kansa ya ce istiglal, a gyara masa ko a bari sai an faɗi maki?